Tsanin da Ke Tsakanin Zaure da Asibiti

Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Dambatta ranar Lahadi ya san cewa mai sa da mai kuɗi ba safai suke gama ciniki su biyu kaɗai ba. Ga sa a tsaye, ga kuɗi a aljihu, amma sai dillali ya shigo tsakani. Shi ya san mai dabbar da garinsu, shi ne zai tsaya idan daga baya aka ce ta sata ce. Shi ne kuma ya san mai saye, ya san ko alkawarinsa na kawo cikon kuɗi abin riƙewa ne. In an sallama a ba shi la'adarsa, kowa ya kama gabansa, ba wanda yake ganin an yi asara. Bahaushe ya daɗe da gane cewa ƙulla amana tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba sana'a ce, mai yin ta kuma ya cancanci lada.

Abin mamaki shi ne wannan hikima da muka yarda da ita a kan dabba, hukumominmu sun yi jinkirin yarda da ita a kan 'ya'yanmu. Ana gina asibiti, a sayo magani, a ɗauki ma'aikaci, sa'an nan a zauna ana jiran jama'a su zo, in ba su zo ba a ce jahilci ne. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne mutumin da yake shiga tsakanin talaka da asibiti, ko tsakanin manomi da ofishin gona, wanda zan riƙa kira tsani, ɓangare ne na aikin kimiyya kamar yadda firijin ajiye magani yake ɓangarensa. Ya kamata a zaɓe shi da kyau, a horar da shi, a biya shi, a kuma saurare shi sa'ad da ya dawo da amsar da ba a so ji ba. Tarihin ƙasar Kano na shekarun baya-bayan nan ya ishe mu hujja.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Mai karatu da ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi, ko ta Gezawa, zai lura da cewa da wuya ya ga daji. Gona na bin gona, ga kuka da ɗorawa da gawo a tsaitsaye, ga gidaje a warwatse cikin gero da dawa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna yadda ɗaruruwan mutane suke rayuwa a kowace murabba'in kilomita, suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna raya ta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna suke kaiwa. Watau nan ba irin karkarar da ake tafiyar yini kafin a ga mutum ba ce. A Ungogo ko Minjibir ko Dawakin Tofa, gidaje da yawa ba su da nisa sosai da ɗakin shan magani. Nisan da ya fi wahala shi ne wanda yake farawa daga bakin zaure. Namiji baƙo ba ya wuce zaure. Matar aure ba ta fita sai da izinin mai gida, shi kuwa yana gona ko ya tafi cin rani. Kakar yara tana da tata magana a kan abin da za a ɗura wa jariri. Ma'aikacin da ya zo da takarda da akwati, ko da Hausa ce a bakinsa, baƙo ne har sai wani na gida ya ce ya san shi.

Ba a taɓa ganin tsadar wannan nisa ba kamar a rikicin rigakafin shan-inna. A shekarar 1988 ƙasashen duniya suka ƙudurta kawar da cutar, lokacin tana shanye yara kimanin 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125. Aiki ya yi nisa, sai a tsakiyar 2003 aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa, bayan da shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a, Dokta Datti Ahmad, wanda shi ma likita ne, da waɗansu malamai suka ce suna zargin an gauraya maganin da abin da zai hana haihuwa. Kwamitocin Gwamnatin Tarayya sun yi gwaje-gwaje suka ce maganin lafiyarsa lau, amma Kano ba ta koma ba sai ƙarshen watan Yuli na 2004, bayan gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince da maganin da aka yi a Indunusiya. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Yaran da cutar ta kama a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa 1,122 a 2006, ƙwayar cutar kuma ta bi matafiya ta sake ɓulla a ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita Indunusiyar.

Zargin ba gaskiya ba ne, wannan kam babu ja. Amma wanda ya tsaya a nan bai fahimci komai ba, domin jita-jita ba ta tsira a kan dutse. A 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta kashe mutane fiye da dubu goma a Nijeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya bayyana musu cewa gwaji ake yi. An yi shari'a shekara da shekaru, har a 2009 kamfanin ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ko ma mene ne ya kashe yaran nan, abin da ya zauna a zukatan mutanen Kano shi ne an zo da magani kyauta, ba a yi bayani ba, yara sun mutu. Shekara bakwai bayan haka aka ƙwanƙwasa musu ƙofa da wani maganin kyauta.

Akwai kuma wata tambaya da mutanen ƙauye suka riƙa yi, wadda masu bincike irin su Elisha Renne, da ta yi aikinta a Zariya, suka rubuta: ƙyanda tana kashe mana yara, zazzaɓin cizon sauro yana kashe su, in mun je asibiti sai a rubuta mana takarda mu saya, to don me wannan cuta ɗaya, wadda da wuya mu gan ta, ita ce ake biyo mu har gida da maganinta kyauta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba? Ina roƙon ɗalibi ya sake karanta wannan tambaya. Tambaya ce ta mai hankali da ya lura da abu ya nemi dalili, irin wadda malamin kimiyya yake murna in ɗalibinsa ya yi. Tana kuma da amsa.

Ga amsar. Cikin yara kamar 200 da ƙwayar shan-inna ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanye wa ƙafa ko hannu. Sauran suna yawo lafiya lau, suna fitar da ƙwayar cikin bayan gida, ta shiga ruwa da abinci. Saboda haka gurgu ɗaya da aka gani a unguwa alama ce ta ɗaruruwan da ba a gani ba. Ɗigo biyu da ake sa wa yaro a baki ƙwayar cutar ce da aka raunana, tana sauka a hanji, jiki ya koyi yaƙi da ita. To amma a ƙasashe masu zafi, inda gudawa ta yi yawa kuma waɗansu ƙwayoyin suna gasa da ita a hanjin, ba kowane ɗigo ne yake kamawa ba, don haka ake maimaitawa. Dalilin bin gida-gida kuwa shi ne cutar ba ta da mafaka sai jikin ɗan Adam, in aka toshe mata hanya a ko'ina lokaci guda sai ta ƙare ƙurmus, yadda aka yi wa agana, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a 1980. Bayanin nan bai fi minti biyar ba. Sai dai yarinyar da aka ɗauka aikin kwana huɗu, aka ba ta akwati da alli, aka ce ta gama gidaje kaza kafin la'asar, ba ta san shi ba, ba ta da lokacin yin sa, kuma ko ta yi, wace ce ita a gidan?

A nan ne harshe ma yake da nasa tarko. Sunan cutar da Hausa ya fito ne daga imanin da ake da shi cewa wata iska ce, Inna, take shanye gaɓar yaro. Wanda ya ɗauka iska ce ta taɓa ɗansa, wurin mai maganin iska zai nufa. Tafinta yana iya juya kalma zuwa kalma ya tafi. Tsani kuwa ya san abin da kalmar take ɗauke da shi, ya san inda zai fara magana ba tare da ya ce wa tsohuwa ba ta da hankali ba.

Abin da ya juya al'amarin bai zo daga ɗakin gwaje-gwaje kaɗai ba. A 2006 aka fara haɗa ɗigon da allurar ƙyanda da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki, wani lokaci da sabulu ko gidan sauro, watau an amsa rabin waccan tambaya ta mutanen ƙauye. A 2009, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya a matakin farko, saƙo ya riƙa bin tsohuwar hanyarsa, daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. A shekarar 2009 yara 388 cutar ta kama a Nijeriya, a 2010 kuwa 21. Ba zan ce sarakuna kaɗai suka yi wannan ba, domin a daidai lokacin an sami sabon nau'in maganin da ya fi kamawa, kuma adadin ya sake hawa zuwa 122 a 2012. Wannan hawan ma darasi ne. Umurnin mai unguwa yana buɗe zaure, amma ba ya kaiwa ɗakin uwar ɗa, wadda in ba ta gamsu ba tana iya ɓoye jariri ta ce yana barci, ko ta roƙi a shafa masa tawada a ɗan yatsa ba tare da ɗigon ba.

Ɗakin uwar ɗa mata ne suka shige shi. Daga 2012 hukumar UNICEF da gwamnati suka ɗauki dubban mata a jihohin Arewa, kowace daga cikin unguwar da za ta yi aiki, waɗanda jama'a suka saba gani da shuɗin hijabi. Aikinsu ba na kwana huɗu ba ne. Kowace tana da littafi, ta san mai ciki, ta san wadda ta haihu, tana zuwa barka, tana zuwa suna. In mai gida ya ƙi, ta san wanda yake jin maganarsa, ko liman ne, ko wansa, ko abokin cinikinsa. Masu shan-inna da kansu suka shiga aikin, suna zuwa a kan kekunansu na hannu, kuma mai gidan da zai yi musu da ma'aikaci da wuya ya yi musu da mutumin da ya nuna masa ƙafafunsa. Aikin bai zo da sauƙi ba: ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano, galibinsu mata. Duk da haka aka ci gaba. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta shanye a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

To, sai me? Sai muka yi abin da muka saba, in an gama biki a watse a bar tukwane. Tun daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nijeriya, Kano ce kuma ta ɗauki kaso mafi girma na waɗanda suka kamu, ƙaramar hukumar Ungogo tana cikin inda abin ya fi muni. Mashaƙo ƙwayar bakteriya ce da take shimfiɗa wata fata a maƙogwaro har numfashi ya gagara, dafinta kuma ya taɓa zuciya. Rigakafinta ya kai shekara ɗari a duniya, yana cikin allurar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta. Yawancin yaran da ta kashe ba a yi musu ba, ko ba a cika musu ba. Bambancin shi ne ita wannan allura ba ta zuwa gida. Dole uwa ta goya ɗanta ta kai shi, sau uku, a ranar da ake yi. In ya yi zazzaɓi da dare bayan ta farko, wanda abu ne da aka sani kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba wanda ya gaya mata tun da wuri, mai gida zai ce ba za a koma ba. An saba wa mutane da jiran a zo musu, ba a gina musu hanyar zuwa ba. Ita ma shan-innar ba ta tafi gaba ɗaya ba, domin inda yara da yawa ba su da rigakafi, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon tana iya yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi, kuma an sha samun irin wannan a Arewa maso Yamma bayan 2020.

Abin takaici shi ne masu iya wannan aiki suna nan tun fil azal, ba sai an ƙirƙiro su ba. Ungozoma ce take yanke cibiya. Wanzami yana zuwa ranar suna ya yi aski, a wurare da yawa shi ne ake kai wa yaro in maƙogwaro ya dame shi, a ce a cire beli. Babu wani ma'aikacin gwamnati da yake ganin jarirai a makonsu na farko kamar waɗannan biyu. Ba ina cewa a amince da duk abin da suke yi ba ne. Cire beli da askar da ba a dafa ba hatsari ne, kuma ga yaro mai mashaƙo ɓata lokaci ne da zai iya cin ransa. Amma wanzamin da aka koya wa alamar mashaƙo, aka ba shi lambar wayar jami'in asibiti, aka girmama shi, ya fi amfani a kan wanzamin da aka zaga a rediyo. Akwai wani misali mai ban tausayi. Akwai maganin da ake shafa wa cibiyar jariri don hana ta ruɓewa, mai suna kilohezidin, wanda ya ceci rayuka da yawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a ƙasashen Afirka da dama an ɗiga wa jarirai shi a ido bisa kuskure, waɗansu suka makance, saboda kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ido. Magani nagari ne, an raba shi da kyakkyawar niyya, abin da ya rasa shi ne bakin da zai ce wannan na cibiya ne.

A fannin noma ma haka abin yake, sai dai can an fi saurin ganewa. Buhun adana wake mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aikinsa mai sauƙi ne: in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe iskar oksijin da ta rage su mutu, ba tare da an zuba guba ba. Da aka fara yaɗa shi daga 2007, ba a tsaya ga talla ba. Malamin gona yakan tara mutanen ƙauye, manoma su kawo wakensu a ɗaure a gaban kowa, a bar shi a hannun masu shi, bayan watanni a sake taruwa a kwance. Gwaji ne sosai irin na kimiyya, amma a dandalin ƙauye, kuma shaidun na gida ne.

Ba Hausawa kaɗai ne a wannan ƙasa ba. Akwai rugagen Fulani a gefen gonaki, akwai masu sauka da kaka su ci karan gona su bar taki su wuce. Su ba sa ƙarƙashin littafin mai unguwa yadda mazauna suke, maganarsu tana bi ta wurin arɗo, matansu da yawa kuma Fulatanci ya fi musu sauƙi. A ƙasar Chadi, tun wajen shekarar 2000, aka gwada haɗa rigakafin dabbobi da na yara a fita ɗaya, domin an lura makiyayi ya riga ya amince da likitan dabbobi. Dabara ce da ta dace da mu. Mai tallan nono da take shiga gida-gida a Bichi ko Kunchi kowace rana ta san Hausa, ta san ruga, ta san matan gari. Ban ga dalilin da zai hana a nemi irinta ba.

Yanzu bari in juyo ga masu suka, domin suna da abin faɗa. Na farko za su ce Kano ta taɓa ganin irin wannan tsani, ba ta ji daɗinsa ba. Gaskiya ne. Kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune, garuruwansu suna warwatse, jakadu ne suke kai saƙo su karɓo haraji, kuma an san yadda da yawansu suka riƙa cika aljihunsu a hanya. Wajen 1907 zuwa 1908 Razdan Cargill ya tsara gundumomi, aka tura hakimai su zauna a cikinsu. Bayan jakada aka yi zamanin tafinta, wanda yakan faɗa wa Bature abu ɗaya ya faɗa wa talaka wani, sa'an nan dubagari, wanda mata sukan ɓoye tulu in sun ji ɗuriyarsa. Duk wanda ya zama shi kaɗai ne ƙofa, wata rana zai fara karɓar kuɗin shiga. Mun ga yadda takin zamani na gwamnati yake maƙalewa a hannun 'yan tsakiya. Maganin wannan, a ganina, shi ne kada ƙofa ta zama ɗaya. Jama'ar unguwa su sa baki a zaɓen tsaninsu, a san abin da ake biyan sa a fili, a san abin da yake kyauta a asibiti a rubuta shi da boko da ajami a bango, kuma kada ya zama ɗan siyasa ne yake naɗawa.

Na biyu za su ce in aka biya shi ya zama ɗan gwamnati, amanar ta tafi. Wannan ban yarda da shi ba. Dillalin kara yana karɓar la'ada, ba wanda ya daina amincewa da shi don haka, abin da yake kashe shi shi ne a kama shi da ƙarya sau ɗaya. Matar da ake ba ɗan abin da bai kai ya kawo ba, shi ma sai ya yi watanni bai zo ba, ita ce za ta cika littafi da sunayen da ba ta ziyarta ba. Ƙasar Habasha ta ɗauki wata hanya tun wajen 2004: mata biyu a kowace gundumar ƙauye, 'yan asalin wurin, horon shekara guda, albashi daga gwamnati. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma gwargwadon aikinsu, kuma a wannan shekara Nijeriya ta ƙaddamar da shirinta mai suna CHIPS don tattara irin waɗannan mata a inuwa ɗaya. Tunanin daidai ne. Abin da zai raya shi shi ne ya shiga kasafin kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma, ya daina dogara ga baƙin da in cutar da ta kawo su ta ƙare za su naɗe tabarmarsu.

Suka ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma na karɓe ta. Tsani ba ya amfani in babu komai a saman soro. Matar da ta lallashi maƙwabciyarta, ta nemo izinin miji, suka yi tafiyar awa guda a rana, suka tarar da ɗakin shan magani a kulle, ko aka ce yau ba za a buɗe kwalba ba sai yara sun taru, ko ma'aikaciya ta daka musu tsawa don kati ya ɓace, to an zubar mata da mutunci, gobe ba za a buɗe mata ƙofa ba. Don haka nake cewa aikin hawa da sauka ne. In saƙo yana sauka daga hukuma zuwa talaka kaɗai, sanƙira ke nan, muna da su da yawa. Ya kamata kowane wata shugaban asibitin yanki ya zauna da waɗannan mata da masu unguwa da wanzamai, ya ji abin da ake faɗa a tsakar gida, a rubuta, a kai gaba, wata mai zuwa a zo da amsa. Da an yi haka kafin 2003, da waccan tambaya ta ƙyanda da zazzaɓi ta isa kunnen masu tsara aiki shekaru kafin ta zama tawaye. A 2011 ma gwamnatin Kano ta yi barazanar gurfanar da iyayen da suka ƙi rigakafi. Ina shakkar ko barazana ta taɓa sa wata uwa ta goya ɗanta ta kai shi allura ta uku.

Ku kuma ɗalibai da malamanku, kuna cikin wannan magana ko ba ku sani ba. A gidaje da yawa na karkarar Kano, ɗan sakandare ko 'yar sakandare ne kaɗai yake iya karanta katin rigakafi, da takardar da ke jikin kwalbar maganin feshi, da saƙon da yake shigowa waya. Kai ɗan gida ne, ba mai hana ka wuce zaure. Malamin kimiyyar halittu yana iya sa kowane ɗalibi ya duba katin ƙanensa ko na ɗan maƙwabta, da izinin iyaye, ya ga allura nawa aka yi, nawa suka rage, aji ya haɗa lissafin ba tare da ambaton sunan kowa ba, a kai wa asibitin da ke kusa. Yana iya gayyato ma'aikaciyar rigakafi ta nuna wa aji ɗan murabba'in da ke jikin kwalbar ɗigon shan-inna, wanda yake yin duhu in zafi ya lalata maganin, don ɗalibi ya iya nuna wa mahaifinsa cewa akwai hanyar gane mai kyau da marar kyau. 'Yan mata masu sha'awar aikin su sani akwai makarantar koyon aikin ungozoma a nan Dambatta, kuma unguwannin da suka fito sun fi kowane wuri bukatar su dawo. Sharaɗi ɗaya ne: in kakarka ta ce Inna ce, kada ka yi dariya. Ka tambaye ta yara nawa ta sani da abin ya taɓa, a wane lokaci na shekara, daga wace rijiya suke sha, sa'an nan ka ɗauko katin ku duba tare.